Yadda Aspik na Tumatir Ya Shiga Sana'ata a Atlanta

Shekara tara ke nan ina riƙe da ɗan ƙaramin kamfanin dafa abincin biki a gefen birnin Atlanta da ke jihar Jojiya ta Amurka, ni da 'yar yayata da wasu mata biyu da muke ɗauka idan aiki ya yi yawa. Da dafa-duka da waina da tsire muka fara, domin 'yan uwanmu na Afirka ta Yamma su ne abokan cinikinmu na farko, amma sannu a hankali maƙwabta 'yan ƙasa suka fara ba mu aikin liyafar amarya da abincin da ake ci bayan jana'iza. Ta wannan ƙofa ce aspik na tumatir ya shigo hannuna, ranar da wata dattijuwa ta zo ba ni aikin abincin tunawa da mijinta, ta ajiye mini wata tsohuwar takarda ta yadda ake yin sa, wadda mahaifiyarta ta rubuta da hannu, ta ce in dai babu wannan a kan teburi to taron bai cika ba.

Aspik na tumatir ruwan tumatir ne da aka dafa da kayan ƙamshi, aka daskarar da shi da jelatin, wato garin da ke sa ruwa ya kama, a cikin mazubi, sannan aka kife shi a faranti ya tsaya da siffar mazubin, ja wur yana ƙyalli. Da sanyinsa ake ci, a gefen kaza ko nama, kuma a jihohin kudu na ƙasar nan ya fi samun gindin zama. Ya yaɗu ne bayan da kamfanin Knox, wanda aka kafa a 1890 a garin Johnstown na jihar New York, ya sa garin jelatin ya zama abin da kowace uwargida za ta iya saya, sannan firji ya shiga gidaje. Matasan yanzu ba su damu da shi ba, amma wanda ya haura saba'in yana ganinsa sai ya tuna teburin mahaifiyarsa, kuma ni a wurina wannan ya isa dalilin yin sa da kyau.

Daskarewar ba baƙuwa ba ce ga wadda ta taɓa barin romon ƙafar saniya ya kwana ta tarar da shi ya kama, domin sinadarin ɗaya ne, daga fata da ƙashi yake fitowa. Sai dai a nan ne matsalar farko ta tsaya mini, saboda yawancin jelatin da ake sayarwa a manyan kantunan Amurka daga fatar alade ake samo shi, kuma ni ba na shigar da shi madafina. Na gwada agar da ake samu daga ciyawar teku, amma ya yi tauri yana ɓantarewa, ba ya narkewa a baki, dattijuwar kuma tana ɗanɗanawa ta girgiza kai. Daga ƙarshe na tsaya a kan jelatin na saniya mai shaidar halal, wanda ya fi tsada, kuma nakan faɗa wa kowane abokin ciniki haka tun kafin mu yi maganar kuɗi.

A aikin kansa, ina ɗora lita ɗaya ta ruwan tumatir a wuta tare da yankakkiyar albasa, da ganyen seleri, da busasshen ganyen da suke kira bay, da gishiri da ɗan sukari, ya yi ta ɓararraka a hankali na kimanin minti goma sha biyar, sannan in tace shi da rariya mai laushi. Kafin nan na riga na ware kofi ɗaya na ruwan mai sanyi na barbaɗa jelatin a kai, na bar shi minti biyar ya jiƙa ya kumbura. Ƙaramar ledar jelatin ɗaya tana da nauyin giram 7, kuma a ƙa'ida tana kama rabin lita, amma ni uku nake zuba wa lita ɗaya, domin nawa sai ya shiga mota. Idan an sauke tukunya ne ake juye jiƙaƙƙen jelatin a gauraya har ya ɓace, ba a kan wuta ba, domin tafasa tana rage masa ƙarfi. Daga nan sai ruwan lemun tsami, da ɗan ruwan ɗanɗano na Worcestershire, da ɗigon ruwan barkono na Tabasco. Yankakken seleri ko zaitun kuwa ba a zuba su sai ruwan ya huce ya yi kauri kamar farin ɗanyen ƙwai, in ba haka ba duk su taru a wuri guda.

Na tashi ina girki da ido da harshe, amma wannan abinci ya tilasta mini sayen ƙaramin sikeli. Akwai ranar da na ga ɗanɗanonsa ya yi mini lami, sai na goga ɗanyar citta na zuba bayan na sauke tukunya. Da asuba 'yar yayata ta buɗe firji ta kira ni, ta ce, "Gwaggo, zo ki gani, ko ɗaya bai kama ba." Mazubi shida ne, duk ruwa tsululu, taron kuma ƙarfe ɗaya na rana. Daga baya na fahimci cewa ɗanyar citta, kamar ɗanyar abarba da gwanda, tana da sinadarin da ke tsinka jelatin, kuma sai an dafa ta yake mutuwa. Ranar na kira mai aikin na faɗa mata gaskiya, na mayar mata da kuɗin wannan ɓangare, na kai musu salak a madadinsa.

Lokacin da ya fi ɗaure mini ƙirji har yau shi ne na kifewa. Ina shafa wa mazubin ɗan mai tun kafin zubawa, in bar shi ya kwana a firji, amma ba a wurin ƙanƙara ba, domin ƙanƙara tana sa shi zubar da ruwa idan ya saki. Idan lokacin kifewa ya yi nakan tsoma gindin mazubin a ruwan ɗumi na daƙiƙa goma, in danna gefensa da yatsa iska ta shiga, in yayyafa wa farantin ruwa domin in iya gyara masa zama idan ya sauka a karkace, sannan in rufe in juya. Akwai ɗan sautin da yake yi idan ya saki, kuma sai na ji shi nake ɗaga hannu. Mazubin da aka fi so shi ne mai rami a tsakiya, wanda ake cikawa da salak na kaza ko jatan lande, a kewaye shi da latas, a ajiye mayonis a gefe, kuma mutanen kudu sukan tambaya ko na kamfanin Duke's ne.

Zafin Atlanta a watan Yuli ba ya raga wa jelatin, wanda ke fara narkewa tun bai kai ɗumin jikin mutum ba, kuma dokar tsabtar abinci ta ce mai sanyi kada ya wuce digiri 41 a ma'aunin Amurka, wato 5 a namu. Saboda haka a cikin mazubinsa nake kai shi, a kula mai ƙanƙara, sai a wurin taro nake kifewa, minti goma kafin baƙi su zauna. Ribarsa ba ta kai ta waina ba idan aka lissafa kwanan da yake yi yana tare firji, amma ban taɓa cire shi daga jerin abincinmu ba. Dattijuwar nan takan yi odar guda biyu duk shekara idan bikin Ista ya zo, kuma bara ta haɗo da mazubin mahaifiyarta na tagulla ta ce in riƙa yi mata a ciki.