Muryar Inna da na bari a hannun mai gyaran waya

Shekaranjiya aka yi sadakar arba'in ta Inna a Daura, Allah Ya jiƙanta Ya kai haske kabarinta. Baƙi sun watse, an naɗe tabarmi, an mayar wa maƙwabta tukwanensu, ni kuma na dawo Katsina da wani abu da ya tsaya mini a maƙogwaro. Na ga gara in rubuta shi, ko wani zai tsira daga irin abin da na jawo wa kaina.

Shekara biyu ke nan da na ƙudurta tattara tarihinta saboda jikoki. Mu bakwai ta haifa. Mahaifinmu ya rasu autarmu tana goye, Inna ta fita takaba ta ɗaura ɗamara ta shiga tuyar ƙuli-ƙuli. Da kuɗin man gyaɗa aka saya mana littattafai, da adashe ta aurar da 'yan'uwana mata huɗu, da shi kuma ta sauke farali. Yaranmu da suka tashi a Katsina da Kano ba su san wannan ba. Su dai sun san tsohuwa mai carbi a kan buzu, wadda ke ɓoye musu dabino a ƙarƙashin matashi.

Da farko ni na je da kaina, da littafi da biro. Ni ne ɗan fari, kuma duk Bahaushe ya san abin da hakan ke nufi: tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. "Kai wannan" nake, ko "wancan na Katsina". Na durƙusa na gaishe ta, na ce, "Inna, a wace shekara aka haife ki?" Ta kawar da kai ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta, ta ce, "Ƙidaya aka aiko ka?" Na tashi da shafi fari.

Uwargidana ce ta ganar da ni. Ta ce abin da uwa ba za ta faɗa wa ɗan fari ba, za ta faɗa wa jika tana dariya. Sai na ba 'yata mai shekara goma sha huɗu tsohuwar wayata, na kai ta Daura hutu. Inna kuwa kishiya take ce mata. "Ke kishiya, zo ki tsince mini gyaɗar nan in ba ki labarin da ubanki bai sani ba." Yarinya ta ajiye waya a gefen faifai, ta danna, ta yi shiru. Hutu biyu ta yi tana wannan aikin.

Abin da ta kawo ya fi ƙarfin abin da na yi tsammani. Inna ba ta ƙirga shekara da lamba, da abin da ya faru take ƙirgawa, ni kuma na zauna ina daidaitawa. Ta ce an kai ta ɗakin miji shekarar da Sarki Muhammadu Bashar ya hau gadon sarautar Daura, 1966 ke nan. Ni an haife ni ana tsakiyar yaƙin basasa. Ƙanwata ta biyu ta zo duniya lokacin da aka daina fam da sule aka koma naira da kwabo, 1973, kuma a wannan zamanin ne fari ya koro mutanen Nijar ta Kwangwalam da 'yan ragowar shanunsu, tana auna musu gero a ƙoƙo ba tare da ta jira maigida ya dawo ba. Mahaifinmu ya rasu "shekarar da aka ba mu jiha", 1987. Ta ba da labarin yadda suke bin dawaki ranar Sallar Gani suna 'yan mata, da yadda ake gane tunkuza ta saki mai tun daga ƙarar muciya a cikin turmi. Ana jin zakara a bayan muryarta, ana jin almajirin da yake zuwa karɓar tuwo kullum bayan magariba.

Akwai guda ɗaya da yarinyar ta ce, "Baba, wannan kai kaɗai za ka saurara." A hanyar dawowa na tsaya a gefen titi kusa da Mashi, na kashe mota na kunna. Inna ce take ba da labarin daren da ta haife ni a gidan iyayenta inda ta je goyon ciki, da wankan jego, da zazzaɓin da ya kusa ɗauke ni ina wata biyar, ta kwana uku ba ta runtsa ba. A cikin wannan labarin ta ambaci sunana. Sau biyu. Na kifa kai a kan sitiyari na daɗe ban iya tayar da mota ba. Sau ɗaya tak na saurare shi. Na ce sai na natsu zan sake ji.

Ban kwafe shi ko'ina ba. Wannan ita ce duk maganar. Yarinyar ta faɗa mini ya fi sau biyar, "Baba, a tura su Google Drive, ko a zuba a kwamfuta." Kullum amsata ɗaya ce: sai na samu lokaci. Aikin da bai kai rabin awa ba na ɗaga shi fiye da shekara, waya tana cikin durowa, ina ganin ai ajiya ce.

Bayan sadakar uku na ɗauko ta don in kunna wa 'yan'uwa. Ta kawo tambarin kamfani ta tsaya cik. Na shiga kasuwa a gurguje, kaina cike da hidimar masu ta'aziyya, na miƙa wa wani mai gyara na ce ya duba, ban ce masa uffan ba game da abin da ke ciki. Da la'asar na koma, ya miƙo mini yana murna: "Alhaji, na wanke ta tas, ta dawo sabuwa fil." Babu katin memori a cikinta, komai a kan wayar yake. Har yau ina jin haushin cewa bai tambaye ni ba kafin ya goge, don tambaya ɗaya ce da ba za ta ci masa komai ba. Amma in zan faɗi gaskiya, wanda ya san darajar kaya shi ke da alhakin faɗa, kuma ni ne na yi shiru. Na kai ta wurin mutum biyu da aka ce sun iya dawo da abin da aka goge. Duka suka ce wayoyin Android na yanzu a kulle suke ajiye abin da ke cikinsu, in aka wanke su mabuɗin ya tafi, babu dabara.

Don haka duk mai tsohuwa a gida, ya aiki jika, kada ya je da kansa da takardar tambayoyi. Kada a tambaye ta shekara, a bar ta ta bi labarin yadda ya zo mata, hannunta yana kan wani aiki. Sannan a daren da aka ɗauka, ba washegari ba, a tura shi wuri uku: imel, wayar wani ɗan'uwa, da kwamfuta ko memori. In kuma waya ta lalace, kafin ta bar hannunka ka faɗa wa mai gyara da babbar murya cewa kada ya wanke ta sai ya kira ka.

Abin da ya rage mini shi ne littafin da na rubuta shekarun nan a ciki, da abin da 'yata ta riƙe a kanta. Na sa ta zauna tana rubutawa kafin shi ma ya fara dusashewa. Ƙanwar Inna tana nan da rai a Zango, na riga na kai yarinyar wurinta, kuma abin da aka ɗauka ranar farko ban kwanta ba sai da na ga ya shiga wayar ƙanena a Kano.

Na kuma bi 'yan'uwa ɗaya bayan ɗaya na ce kowa ya binciko saƙonnin murya na WhatsApp da jikoki suka riƙa taya ta aikawa. An samu goma sha ɗaya, yawancinsu gaisuwa ce da addu'a. Ɗaya daga ciki ga autarmu ta aika, bai kai minti ɗaya ba. Ta tambayi jikin yara, ta ce an yi ruwa a Daura daren jiya, sannan ta ɗan yi shiru ta ce, "Wancan na Katsina fa, ya isa gida lafiya?"