Takardar da na ƙi karɓa

Ranar Asabar na je bikin 'yar maƙwabcina, sai na tarar ɗan ƙanwata ne a kan ganguna. Allah ya ba shi hannu. Amma mawaƙiya na tsakiyar baiti ya hau farantan tagulla da duka, har ta waiwayo ta harare shi. Da aka tashi na ja shi gefe na ce ya nemi mai koya masa karanta rubutun kiɗa. Ya ce, "Kawu, ai kunnena ya ishe ni." Gabana ya faɗi, don maganar da na yi ke nan shekara 40 da suka wuce.

Lokacin ina kaɗa wa wata ƙungiya a wani otal a Jos. Cikinmu akwai dattijo mai busa ƙaho, tsohon ɗan badujalar soja, muna ce masa Baba. Shi ya fara sa mini faifan Cozy Cole, makaɗin ganga baƙar fatan Amurka da aka haifa a 1909, wanda ya yi wa ƙungiyar mawaƙin jaz Cab Calloway kiɗa daga 1938 zuwa 1942, zamanin da manyan ƙungiyoyin jaz ke cika ɗakunan rawa. Baba ya ce in lura da abu ɗaya: mutumin nan bayan ya yi suna ya koma makarantar kiɗa ta Juilliard ya zauna a matsayin ɗalibi. Ya kuma samu kujera a ƙungiyar makaɗan gidan rediyon CBS, a lokacin da da ƙyar ake ɗaukar baƙar fata. A irin wannan aiki takarda ake ajiye maka, a kunna jan fitila, ka kaɗa abin da ba ka taɓa ji ba. Ya yi wa shahararren mai busa ƙaho Louis Armstrong kiɗa daga 1949 zuwa 1953, ya buɗe makarantar ganga a New York shi da wani makaɗin ganga, Gene Krupa, a 1954, kuma yana dab da shekara 50 faifansa na 1958 ya sayu fiye da miliyan ɗaya.

Baba ya ja layi biyar-biyar irin na rubutun kiɗa a littafin rubutu ya miƙo mini. Na ce kunnena ya ishe ni.

Ba wai ba ni da hujja ba. Makaɗan kalangun Shata wace takarda suka karanta? Ga iyali, ga kuɗin haya, ranar da zan zauna ina ƙirga ɗigo a takarda wa zai ba ni cefane? Kuma mutane ni suke tafa wa, ba mai ƙaho ba. Har yau ina ganin a garin nan babu wanda ya kai ni hannun hagu. To amma tafin ne ya cuce ni. Da wani gidan rediyo ya nemi makaɗi na dindindin, na je da sabuwar riga. Aka ajiye takarda a kan ƙarfe gabana. Sandunan suka jiƙe da gumi a hannuna, na yi ta kallon fuskar mai ƙirga mana lokaci ko zan tsinci wani abu. Sau uku ana tsayarwa saboda ni. Yaron da aka ɗauka bai kai ni ba ko kusa, amma ya yi shekara 20 yana albashi. Ni da otal ya daina kiɗan dare, sai sandunan suka koma ƙarƙashin gado.

Ku matasan makaɗa, na zauna da niyyar rubuta muku shawarwari da yawa, ga shi ba su wuce kaɗan ba. Ku koyi karatun kiɗa. Ku rage duka, mawaƙi ake so a ji, ba ku ba. Ku kuma kada takarda ta kashe muku kunne, na ga waɗanda suka iya karatu kiɗansu ba rai. Wani lokacin ma sai in ji kamar in ce ku bar gangar ku nemi wata sana'a, tunda yanzu kwamfuta ke buga kiɗa a sutudiyo. A'a, kada ku bari.

Abin da ke ƙona mini rai shi ne, mu faifai ɗaya muke juyawa har ya karce, ku kuwa Cozy Cole ɗin ma yana cikin wayarku kuna iya kallon hannunsa, amma minti biyar ba ku iya zama. Sai ɗaukar kanku bidiyo kuna juya sanda a yatsa.

Littafin Baba yana nan, bayan rasuwarsa ɗansa ya kawo mini. Jiya na ba ƙanwata shi a leda ta kai wa yaron. Bai kira ni ba tukuna.