Makin ƙarya ba ya kashe injin ces, motsin ƙarya ne ke kashe shi

Ɗaliban kwamfuta a Jos da ke rubuta injin ces nasu na farko sukan firgita idan aka ce musu allo biyu daban na iya samun hatimi ɗaya a rumbun ajiya, wato inda injin ke adana maki da motsin kowane allon da ya riga ya bincika, don kada ya maimaita aikin. Firgicin ya fi abin girma.

Hatimin nan lamba ce mai bit 64, bisa dabarar da Albert Zobrist ya bayyana a 1970: a zaɓi lambobi 768 barkatai, wato nau'in 'ya'ya 12 sau gida 64, a ƙara 'yan kaɗan na wanda ke da motsi da makamantansu, a riƙa gauraya waɗanda suka dace da allon da XOR, wata hanyar haɗa lambobi bit da bit. Karo kuwa iri biyu ne. Allo biyu su nemi gurbi ɗaya a rumbu, kamar fasinja biyu a kujera ɗaya a tashar mota, wannan kullum ne. A duba hatimi, a ga ba ɗaya ba, a tashi ɗaya. Lokaci kawai aka rasa. Mai haɗarin shi ne hatimin ya dace alhali allon daban ne.

Dubi Stockfish, shahararren injin ces. Bit 16 kacal yake ajiyewa daga hatimin, kowace shigarwa bayit 10, uku a cikin damin bayit 32. Idan rumbu ya cika, sabon allo yana da damar 3 cikin 65,536 ya yi dacen ƙarya, kusan sau ɗaya a dubu 22. Injin da ke duba allo miliyan guda a daƙiƙa, ka ga ana yi masa ƙarya sau gommai kafin ka ƙifta ido. Kuma bai fasa lallasa kowa ba.

Dalili yana cikin tsarin binciken alfa-beta, hanyar da injin ke bin motsi da martaninsa kamar rassan bishiya, yana yanke waɗanda ba za su amfana ba. Galibin rassan da ake bi shirme ne, ana duba su ne don a tabbatar ba su da amfani. Kafin makin ƙarya ya yi ɓarna, sai zurfin da aka ajiye shi ya kai wanda ake nema, sai nau'in iyakarsa (ko makin daidai ne, ko iyaka ta sama ko ta ƙasa) ya ba da damar yanke reshe, sannan ya hau mataki bayan mataki har saiwa, wato allon da ake wasa a kai, ba tare da wani motsi ya rinjaye shi ba. Da wuya ya kai. Robert Hyatt da Anthony Cozzie sun gwada haka da injin ces Crafty a 2005: suka yawaita karo da gangan, injin ya jure fiye da yadda ake zato.

Motsin da aka ajiye tare da makin, shi ne kunamar. Na wani allo ne. Zai ce a ɗauki doki daga gidan f3, alhali babu komai a f3. Injin da ya bi umarnin ido rufe zai ɓata allonsa, ko ya ci sarki, ko ya mutu a tsakiyar wasa, kuma ba lallai kuskuren ya maimaitu ba idan ka zo nemansa. Saboda haka, kafin a taka motsin rumbu, a duba: ɗan yana gidan? Na mai motsi ne? Hanyarsa a buɗe take? Gidan da zai sauka ba ɗan ɓangarensa ne a ciki ba?

Idan zare da yawa, wato sassan injin da ke aiki lokaci guda, ke rubutu a rumbu ɗaya, rabin shigarwa na iya zama na wani allo. Hyatt da Tim Mann sun magance wannan ba tare da kulle rumbun lokacin rubutu ba: a ajiye hatimi bayan an yi masa XOR da bayanan, a wajen karatu a sake yi. In an gauraya rubutun, hatimin ba zai dace ba, sai a wuce.