Dattijon da ke buga zane a riguna a Ƙofar Ƙaura

Jiya na kai aikin katin biki wajen wani dattijo mai zane da ɗab'i a Ƙofar Ƙaura, na tarar yana buga zane a kan riguna da hannu. Kowane launi da firam ɗinsa na siliki. Sai ja ya bushe sannan ya ɗora kore, in ya goce ko kaɗan, rigar ta tashi aiki.

Na ce, "Baba, yaushe kuka fara?" Ya ce tun yana rubuta allunan shaguna da buroshi. CorelDRAW kuwa, manhajar zane a kwamfuta, sai da furfura ta fito ya koya wajen yaron shagonsa.

Wallahi raina ya sosu da na ji wani yana taya wannan aiki kamar tumatirin yamma.