Antibairos ɗin da na sa musu da hannuna shi ya tsayar da makaranta

Shagona yana kan titin gidan Zoo a Kano, shekara tara kenan ina gyaran kwamfuta da haɗa netwok, ni da yara biyu da nake koya wa aiki. Gyaran da ake kawowa shago, sikirin ya fashe ko shayi ya zube a kibod ko caja ta ƙone, wannan kuɗin cefane ne kawai. Abin da yake riƙe da sana'ar shi ne kwantiragin da nake da shi da wasu wurare, makarantun kuɗi biyu, wani kemis na 'yan sari, da wani ofis na masu harkar biza da tikitin Umara. Duk wata suna ba ni wani abu, ni kuma kwamfutocinsu suna wuyana, in sun tsaya ni za a kira ko ƙarfe nawa ne.

A cikin aikin har da sa musu antibairos na gaskiya wanda ake biyan lasin duk shekara, kuma wallahi na sha magana kafin su yarda, don mutanenmu sun saba da na kyauta ko wanda aka fasa, ga filash yana yawo daga bizines senta zuwa ofis zuwa gida yana kwaso bairos kamar kaska. Ni na dage, ni na ce a biya, ni na kunna masa ya riƙa yin afdet da kansa.

To ranar wata Alhamis ana gobe za a ba da hutu, ƙarfe bakwai da 'yan mintuna shugabar ɗaya daga cikin makarantun ta kira ni, ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce "Injiniya don Allah ka zo yanzu, manhajar sakamako ta ɓace a duk kwamfutocin." Na hau mashin na tafi. Na tarar da malamai a tsaitsaye a ɗakin kwamfuta kowa riƙe da takardun makin ajinsa, janareta na ta cin mai a waje, kwamfuta sha ɗaya duk a kunne amma in ka danna manhajar sai ta ce ba ta ga fayil ɗin ba. Hajiya ba ta ɗaga murya ba, ita ba mai faɗa ba ce, kawai cewa ta yi "Injiniya ba kai ka ce wannan abin zai kare mu ba?" Har yau in na tuna sai na ji nauyin maganar nan.

Abin da ya faru shi ne da asuba da aka kunna su antibairos ɗin ya jawo sabon afdet, a cikin afdet ɗin kamfanin ya yi kuskure, sai ya ɗauki manhajar sakamakon a matsayin bairos ya kama ta ya kulle. Wani yaro ɗan nan garin ne ya rubuta musu manhajar, ba ta da sa hannun da manyan kamfanoni ke yi wa nasu, irin waɗannan su ne suka fi faɗawa tarkon. A guda tara na samu na fito da ita daga inda ya killace ta na sa ta a jerin waɗanda ba zai taɓa ba, amma a guda biyu gogewa ya yi gaba ɗaya, ɗaya kuma ita ce babbar da sauran ke ɗaukar bayanai a wajenta. Allah Ya taimaka bai taɓa makin yara ba, kuma ina da bakof na ranar Talata, amma duk da haka sai bayan la'asar aka fara firintin katin sakamako, ni da babban yarona muka kai sha ɗaya na dare muna canza takarda a firinta. Ban karɓi ko sisi ba, har man janareta na ce a cire a kuɗina na wata, ta ƙi.

Na rubuta wa kamfanin antibairos ɗin, sai bayan kwana uku amsa ta zo, ita ma da gani inji ne ya rubuto, wai in tura musu fayil ɗin za su duba.

Shi ya sa ranar Juma'a 19 ga Yuli 2024 da abin CrowdStrike, wani kamfanin tsaron kwamfuta na Amurka, ya faru ban ji shi kamar labarin nesa ba, duk da cewa babu kwastomana ko ɗaya da yake amfani da manhajarsu, ta manyan kamfanoni ce da bankuna. 'Yan CrowdStrike ɗin sun saki wani ɗan ƙaramin fayil na afdet wa manhajarsu ta tsaro mai suna Falcon wajen ƙarfe biyar da minti tara na asuba a agogonmu, suka janye shi bayan minti 78, amma duk kwamfutar da ta riga ta ɗauka ta faɗi, shuɗin sikirin, ta ristat, shuɗin sikirin kuma. Microsoft ta ce kwamfutocin Windows kusan miliyan 8.5 abin ya shafa. Jirage sun tsaya, asibitoci a Ingila da Amurka sun koma biro da takarda, kamfanin jirgin Delta kaɗai ya soke tashi wajen 7,000 ya ce ya yi asarar dala miliyan 500. Dalilin kuma wai an tsara wuri 21 na bayanai amma 20 ake turowa, manhajar ta miƙa hannu ta ɗauko na ashirin da ɗaya babu shi, tunda kuma a can cikin zuciyar Windows take aiki sai ta tafi da komai. Gyaran ma sai mutum ya je gaban kwamfutar ya shiga sef mod, wato yanayin da ake kunna Windows don gyara, ya goge fayil ɗin nan mai lamba 291, in kuma an kulle hadis ɗin kwamfutar, wato ma'ajiyar bayananta, da BitLocker, makullin Windows, sai an nemo mukullinsa mai lamba 48. Ni ba jiragen na riƙa tunawa ba, masu irin aikina na riƙa tunawa, kowanne yana tsaye gaban wata Hajiya tasa yana bayanin laifin da ba shi ya yi ba. Kuma ba shi ne farau ba, a watan Afrilu 2010 McAfee mai yin antibairos ta saki afdet da ya ɗauki svchost, fayil ɗin Windows XP na asali, a matsayin bairos, kwamfutoci suka yi ta ristat ba tsayawa.

Sai kuma ɗaya ɓangaren da ya fi ci min rai. Bayan abin makarantar nan na ce bari in sanar da mutane, don na san akwai wasu makarantun masu irin manhajar. Ina da shafin shago a ɗaya daga cikin manyan dandalin sada zumuntan nan, shekara shida ina gina shi, rabin sababbin kwastomomina ta nan suke zuwa. Na rubuta da Hausa dalla-dalla, in ka ga kaza ka shiga nan ka danna nan, na sa hotunan sikirin da link ɗin bayanin. Ba a yi awa biyu ba suka sauke rubutun wai ina koya wa mutane kashe tsaron kwamfuta, suka hana shafin yin fostin na kwana talatin. Na danna wajen ƙorafi, babu ma inda za ka rubuta bayani, zaɓi ne kawai suka jera maka, na zaɓi wanda ya fi kusa, cikin minti kaɗan amsa ta dawo wai sun sake dubawa hukunci yana nan. Waye ya duba? Na tabbata babu ɗan Adam mai jin Hausa da ya karanta rubutun nan.

A cikin kwanakin nan talatin ne wani dattijo ya shigo shago da rana tsaka, daga Wudil ya taso, hularsa ta jiƙe da gumi, ya ciro waya ya nuna min rasit ɗin turansifa ya ce ya zo karɓar laftof ɗin ɗansa da zai shiga jami'a. Na ce "Baba wace laftof?" Ya buɗe min shafi, sunan shagona ne an ƙara harafi ɗaya, hotunana ne, har da hoton allon ƙofata, lambar waya da akawun ne kawai ba nawa ba. Na ba shi kujera na sa aka kawo masa ruwa, na buɗe masa nawa shafin na ajiye wayoyin biyu gefe da gefe, ya daɗe yana kallo bai ce komai ba, sai ya ce "to ɗana yanzu ya zan yi, kuɗin rago biyu ne." Na raka shi bankinsa muka shigar da ƙorafi, na ba shi wata tsohuwar laftof da na gyara ya riƙa biya a hankali. Shafin bogin kuwa ni da yarana da 'yan uwa mun kai rahotonsa ya fi sau ashirin, amsa ɗaya ce kullum, wai bai saɓa ƙa'idarsu ba. Ni da na rubuta gargaɗi an rufe min baki, ɓarawon da yake cin kuɗin mutane da sunana yana ta fostin har da talla ta kuɗi.

Ban daina sa wa mutane antibairos ba kuma ban ce kowa ya kashe afdet ba, wanda ya taɓa ganin bairos mai kulle fayil yana neman kuɗin fansa ba zai ba da wannan shawarar ba. Amma na canza tsari. A kowane wuri yanzu akwai kwamfuta ɗaya da take fara karɓar afdet, in ta kwana lafiya sai a saki sauran, makon jarrabawa da na fitar da sakamako kuma ni da kaina nake zuwa in duba, bakof kullum da yamma a hadis ɗin da ake cirewa a sa a durowa. Na sayi babban littafi irin na 'yan kasuwa, duk wanda ya shigo shago yarona zai rubuta sunansa da lambarsa, yanzu in abu ya taso tes nake tura musu kai tsaye, na kuma buga lambar akawun ɗina da manyan baƙi a jikin ƙofa da kan kowane rasit.

An buɗe min shafin bayan kwana talatin ɗin sun cika, ina sa hotunan kaya a kai amma na daina rubuta bayanin gyara. Na bogin jiya ma na duba, yana nan, ya sa sabon hoton laftof ɗin da na ɗauka a kan teburina ranar Litinin.