Kowace na'ura da mabuɗinta

Aikina a wani kamfani da ke Ikeja shi ne kula da sabar, wato babbar kwamfutar, da ke karɓar saƙonni daga na'urorin da muke liƙawa a motocin kayan gwari masu tasowa daga Arewa zuwa kasuwar Mile 12. Kowace na'ura tana turo inda motar take da yanayin zafin kayan. Da manhajar Mosquitto muke aiki a kan sabar, wadda ke bin tsarin aika saƙonni tsakanin na'urori mai suna MQTT, wanda aka ƙirƙiro a 1999 don sa ido kan bututun mai.

Da Mosquitto 2.0 ta fito a ƙarshen 2020, sai ta daina karɓar baƙo marar suna, sai fa in kai ka rubuta allow_anonymous true da hannunka. Mutane da yawa haka suke yi don aiki ya tafi. Ni a ganina wannan sakaci ne. To amma ko ka haɗa fayil ɗin kalmomin sirri da mosquitto_passwd, da sauran rina a kaba: in na'ura ta shigo ta ƙofar sabar mai lamba 1883, sunanta da kalmar sirrinta a fili suke tafiya, duk mai leƙen layin zai karanta. Sai an koma ƙofa 8883 da TLS, tsarin da ke ɓoye saƙo a kan hanya.

Inda muka fi ja-in-ja da ogana shi ne batun kalma guda ga dukan motoci. Ya ce, "Malam, wa zai zauna yana ƙirƙiro wa kowace mota tata?" Na ce, "Yallaɓai, in aka ɓalle na'ura ɗaya aka kai ta kasuwar kwamfutoci ta Computer Village aka farke ta, aka ciro kalmar fa? Sai mu bi sauran har Kano da Zariya muna canzawa ɗaya bayan ɗaya." Ya yi shiru, can ya ce in gwada. Muka ba kowace na'ura satifiket nata, wato shaidar lantarki da ke tabbatar da ko wace ce ita, muka kunna require_certificate don sabar ta riƙa neman sa, sannan use_identity_as_username ya sa sabar ta ɗauki sunan da ke cikin satifiket ɗin a matsayin sunan na'urar. In ɗaya ta ɓata, ita kaɗai za a soke a jerin sokakkun satifiket da crlfile ke nunawa, sauran su ci gaba da aikinsu.

Shiga ma daban, abin da za ka taɓa a ciki daban. Mai gadin rukunin gidaje zai buɗe maka get, amma bai ba ka izinin shiga kowane ɗaki ba. In babu acl_file, wato fayil ɗin da ke faɗin abin da kowace na'ura ke da izinin karantawa ko rubutawa, motar tumatur ɗin wani Alhaji za ta iya karanta inda motar abokin hamayyarsa take, kuma a harkar gwari sanin wa zai riga wa isa kasuwa kuɗi ne. Layi ɗaya a fayil ɗin mai ɗauke da %u, alamar da ke wakiltar sunan na'ura, ya isa ya tsare kowace na'ura a kan nata maudu'in, wato adireshin da ake tura saƙonni.

Abin da ya fi cin mana lokaci kuwa agogo ne. Wasu ƙananan na'urori ba su da batirin riƙe lokaci. Direba ya cire batirin mota a garejin makanikai, a mayar, na'urar ta farka tana zaton 1 ga Janairun 1970 ake. Ta duba satifiket ɗin sabar, ta ga ranar fara aikinsa ba ta zo ba tukuna, sai ta ƙi haɗawa. A ofis kuma ka ga mota ta ɓace daga taswira, mai kaya yana ta buga waya ransa a ɓace. Yanzu mun sa kowace na'ura ta fara karɓo lokaci daga GPS ko ta NTP, tsarin saita agogo ta intanet, kafin ta nemi sabar, kuma ranar ƙarewar kowane satifiket tana rubuce a jadawalin da ke tunatar da mu wata guda kafin ta zo.