Wasiƙa Daga Madina: Kafin Ka Kira Ɗan'uwanka Munafuki

Assalamu alaikum 'yan'uwa na gida. Ina gaishe ku daga Madina, da fatan kuna lafiya, ku da iyalai.

Abin da ya sa na rubuto shi ne yadda kalmar munafuki ta yi araha a bakinmu. Ɗan siyasa ya sauya sheƙa, munafuki. Malami ya saɓa wa malaminka a wata mas'ala, munafuki. A Facebook kuwa har yaro yana jifan sa'an mahaifinsa da ita. Abin yana damuna ƙwarai.

A garin nan ne munafunci ya fara bayyana cikin Musulmi. A Makka suna da rauni, babu ribar da mutum zai ci don ya yi ƙaryar musulunta. Sai bayan hijira, da ƙarfi ya zo, wasu suka furta shahada da baki alhali zuciyarsu ta ƙi. Jagoransu Abdullahi ɗan Ubayyu, wanda a shekara ta 3 bayan hijira ya janye da mutum kusan 300 daga rundunar mutum 1,000 a hanyar Uhudu. Irinsu ne aya ta 145 a Suratun Nisa'i ta ce suna can ƙarƙashin wuta. Wannan shi ne munafuncin aƙida, kuma tushensa ɓoyewa. To wanda ya fito fili ya ce ya canza ra'ayi, me ya ɓoye?

Ku duba labarin sahabi Haɗibu ɗan Abu Balta'a. Gab da buɗe Makka a shekara ta 8, ya aika wa Ƙuraishawa wasiƙa yana tona shirin Musulmi, don tsoron abin da zai samu iyalinsa da ke can. Laifi ne babba. Sayyidina Umar ya nemi izinin sare wuyansa, ya kira shi munafuki. Annabi (SAW) ya saurari uzurinsa, ya gaskata shi, ya tuna wa Umar cewa mutumin nan ya halarci Badar. Sunayen munafukai na ainihi kuma sahabi Huzaifa ɗan Yamani Annabi (SAW) ya sirranta wa, ba a yi shelarsu a kasuwa ba. Umar da kansa ya je yana tambayar Huzaifa ko sunansa na ciki.

Sai munafuncin aiki, wanda hadisi ya ba da alamominsa uku: ƙarya a zance, saɓa alkawari, cin amana. Malamai sun ce wannan ba ya fitar da mutum daga Musulunci, amma halin munafukai ne. Ko a nan, ni a ganina gara a ambaci aikin. Hausa ba ta rasa kalmomi ba. Mai kai gulma magulmaci ne, mai haɗa mutane faɗa annamimi, mai yabonka a gaba ya sare ka a baya mai fuska biyu.

Wanda aka fi zalunta da kalmar nan shi ne uban da ke shan taba yana hana ɗansa. 'Ya'yan zamani sai su ce munafunci ne. A'a, rauni ne. Ya san illarta, ya kasa bari, ba ya so ɗansa ya faɗa ciki. Hanin nasa gaskiya ne, kuma ɗan ya kamata ya ji.

Ina roƙon malamanmu su warware wannan bambanci a wuraren karatu da huɗubar Juma'a, musamman lokacin zaɓe. Ku gaida dattawa da yara.

Wassalamu,
Ɗan'uwanku a Madina